An Bar Jaki Ana Dukan Taiki: Martani Kan Walwalar Ma'aikata

Maƙalar da wani marubuci ɗan kasuwa ya fitar kwanan baya a kan walwalar ma'aikata ta zaga sosai tsakanin masu shaguna, masu makarantun kuɗi da masu ƙananan masana'antu, kuma da yawansu sun ce ya sosa musu inda ke yi musu ƙaiƙayi. Ban yi mamaki ba. Malam ya iya alƙalami, kuma ya rubuta abin da mutane da dama ke faɗa a zaure amma suke jin nauyin sa hannu a kai. Shi ya sa bai kamata a bar maganar ta wuce ba amsa ba.

Ga abin da ya ce, gwargwadon yadda na fahimce shi. Duk wannan hayaniya ta kula da lafiyar ma'aikaci, hutun haihuwa, da buɗe ƙofa ga mata da masu buƙata ta musamman, kaya ne da ƙungiyoyin Turawa suka shigo mana da shi, kuma an ɗinka shi ne daidai jikin ƙasashen da suka ƙoshi. A ƙasar da matasa ke yawo da takardun digiri a leda, samun aikin kansa shi ne walwala. Wanda ya samu ya gode wa Allah ya kama bakinsa, domin akwai ɗari a bakin ƙofa suna jiran kujerarsa. Mai kamfani yana fama da kuɗin gas, kuɗin wuta da haraji iri-iri, in aka ƙara masa wani nauyi sai ya rufe, kowa ya rasa. Kamfani ba gidan marayu ba ne: a ɗauki wanda ya cancanta, wanda kuma Allah ya jarraba da naƙasa a taimaka masa ta hanyar zakka da sadaka. A ƙarshe ya ce mu Hausawa muna da tsarinmu na maigida da yaronsa, wanda ya fi duk wata doka tausayi.

Akwai gaskiya a kukansa na tsadar kasuwanci, kuma ba zan ɓoye ta ba. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura naira 1,000 kafin ƙarshen 2024. A watan Afrilun 2024 aka ninka kuɗin wutar masu amfani da lantarki 'yan rukunin A fiye da sau uku a rana ɗaya. Duk wanda ya taɓa biyan albashin mutum biyar a ƙarshen wata ya san cewa ba wasa ba ne. Amma tambayata ga Malam ita ce: wannan tsadar a ƙofar kamfani ta tsaya? Ma'aikacin a wane gidan mai yake shan nasa man? Mai adaidaita sahu yana yi masa ragi ne don ya ji labarin maigidansa na cikin matsi? Mafi ƙarancin albashi da aka sa wa hannu a watan Yulin 2024 naira 70,000 ne, a lokacin da buhun shinkafa ɗaya ya fi wannan kuɗin a kasuwanni da yawa. Naira 30,000 ta shekarar 2019, da aka raina a lokacin, ta fi wannan 70,000 ɗin nauyi in aka auna da dala. Gobara ɗaya ce ta kama gidan, sai dai Malam ya ƙirga asarar ɗakin maigida kawai.

Batun cewa Turawa ne suka koya mana neman walwala kuwa, tarihi ya juya shi kai ƙasa. A shekarar 1945 ma'aikatan jirgin ƙasa da sauran ma'aikatan gwamnati suka tsayar da Najeriya cak na kusan mako shida, suna neman ƙarin alawus na tsadar rayuwa, Michael Imoudu na cikin jagororinsu. Wa suka yi wa yajin? Bature. A watan Nuwamban 1949 'yan sandan mulkin mallaka suka harbe ma'aikatan haƙar kwal 21 a Iva Valley da ke Inugu, kan rikicin albashi da yanayin aiki. A wancan zamanin, wanda ke cewa ma'aikaci ya gode ya yi shiru, akwai wasu a bakin ƙofa, shi ne Baturen. In akwai kayan aro a wannan muhawarar, to Malam ya duba rigar da ke jikin hujjarsa.

Ba ma sai an je tarihi ba. Dokar ƙwadago da muke aiki da ita tun zamanin Gowon take. Ita ce ta ce a ba ma'aikaci takardar sharuɗɗan aikinsa cikin wata uku da fara aiki, a ba shi hutun yini guda a kowane mako, hutun shekara aƙalla na kwana shida, da kwana goma sha biyu na rashin lafiya da albashinsa. Ita ce ta ba mai ciki mako shida kafin haihuwa da mako shida bayanta, da aƙalla rabin albashi in ta yi wata shida tana aiki, da rabin awa sau biyu a rana don shayarwa. Wannan shi ne babban kayan alatun da ake cewa zai durƙusar da tattalin arziki: kwana shida a shekara. Dokar diyyar ma'aikata ta 2010 ta ce mai ɗaukar aiki ya zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin da yake biya a asusun NSITF, don ranar da inji ya cinye yatsun yaro a samu abin ba shi. Kashi ɗaya. Ita wannan dokar har matsalar ƙwaƙwalwa da aiki ya jawo ta amince a biya diyya a kanta, shekaru tara kafin Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya gajiyar aiki mai ƙona zuciya cikin kundinta a 2019. Gwamnatinmu ce ta yi waɗannan dokokin a nan gida, ba wata ƙungiyar agaji ba.

Abin dariya ma, ƙaramin ɗan kasuwar da Malam ke kuka dominsa doka ta riga ta sassauta masa. Dokar mafi ƙarancin albashi ba ta hau kan wanda ma'aikatansa ba su kai 25 ba. Tilascin fansho, inda mai aiki ke zuba kashi 10 ma'aikaci kashi 8, ya fara ne daga mai ma'aikata 15. To wa ake karewa ke nan? Mai shagon ɗinki da yara huɗu, ko kuwa babban kamfanin da ke ajiye mutum shekara bakwai a matsayin ma'aikacin wucin gadi ta hannun ɗan kwangila, don kada ranar sallama a ce ana bin sa giratuti? Ana ɗaga hoton mai shayi ne don a kare mai bene.

Malam ya kawo misalin masaƙun Kaduna da Kano a matsayin gargaɗi. Da ma bai taɓo nan ba. Masaƙar KTL ta Kaduna, wadda aka buɗe a 1957, ta rufe a 2002, UNTL ta bi baya a 2007, kuma duk wanda ya zaga Sharaɗa, Bompai da Challawa ya ga gine-ginen da ciyawa ta cinye. Wa ya taɓa jin cewa hutun haihuwa ne ya kashe su? Rashin wuta ne, da tsadar baƙin mai, da atamfar fasa-ƙwauri da ta cika Kantin Kwari, da tsofaffin injuna, da rashin audugar kirki. Ma'aikatan KTL kuwa shekara da shekaru suka yi suna bin haƙƙinsu na sallama, da yawa suka mutu ba su gani ba. Su ne suka fi kowa biyan kuɗin rushewar, yanzu kuma an dawo ana kafa hujja da gawar masana'antarsu a kan 'ya'yansu. An bar jaki ana dukan taiki.

Hujjar "akwai ɗari a bakin ƙofa" ita ce ta fi ba ni tsoro, domin na san inda take kaiwa. Mai aikin da ya yarda cewa ma'aikaci ba shi da inda za shi, shi ne ke kulle ƙofa da dare don kada a saci kaya. A watan Satumban 2002 gobara ta tashi a wata masana'antar roba a Ikorodu da ke Legas, gommai suka ƙone, rahotanni kuma suka ce ƙofofi a kulle suke. A Bangaladash, a watan Afrilun 2013, an ga tsagewa a ginin Rana Plaza, aka tilasta wa masu ɗinki komawa ciki washegari, ginin ya rufta da mutum 1,134.  Kuma ba kullum mutuwar ke zuwa da ƙara ba: ƙididdigar da Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya suka fitar ta nuna mutum 745,000 ne suka mutu a 2016 da shanyewar ɓarin jiki ko ciwon zuciya saboda aikin awa 55 ko fiye a mako. Maigadin da ke tsayuwa daga shida na yamma zuwa shida na safe, kwana bakwai a mako, awa 84 yake yi. In ya yanke jiki ya faɗi, sai a ce hawan jini ne, kwana ya ƙare. Haka ne, kwana ya ƙare. Amma akwai sanadi, kuma za a tambayi wani a kansa.

Ko a lissafin riba zalla, maganar ba ta tsayuwa. Ɗarin da ke bakin ƙofa ba su san inda makunnin injin yake ba, ba su san wane abokin ciniki ne ke biyan bashi wane ne ke gudu ba. Henry Ford, wanda ba wanda ya taɓa zargin sa da taushin zuciya, ya ɗauki fiye da mutum 50,000 a 1913 don kawai ya riƙe ma'aikata kimanin 14,000, saboda yadda suke tserewa. A 1914 ya ninka ladan yini zuwa dala biyar, ya rage awa ɗaya daga lokacin aiki, don ya gane cewa koyar da sabon hannu kullum ya fi riƙe tsoho tsada. Mu ma muna ganin namu: likitoci da ma'aikatan jinya na ficewa dubbai zuwa Ingila, Kanada da Saudiyya, kuma in ka saurare su, bayan albashi za su ambaci kwana uku a asibiti ba barci da shugaban da ke yi musu tsawa gaban majinyata. Kowane mai masana'anta a Kano ya san ranar da zai canza wa janaretansa baƙin mai, ya san awa nawa zai yi kafin a kashe shi ya huce, kuma bai taɓa cewa janaretan ya gode da aka saye shi ba. Mutumin da ke kunna janaretan ne kaɗai ba shi da ranar sabis.

Yanzu ga inda na fi saɓa wa Malam: cancanta.

Ina son kalmar, kuma ina son a yi aiki da ita. Sai dai ina mamakin lokacin da ake tunawa da ita. A 2023 Majalisar Wakilai ta kafa kwamiti don binciken sayar da guraben aiki a ma'aikatun tarayya, aka ji shaidu a bainar jama'a kan miliyoyin da ake karɓa. Kowa ya san ƙarfin wasiƙar sanata da na "ɗan wane ne". A kamfanoninmu kuwa ɗan ƙanwar Hajiya ne akawu, ko da lissafi bai taɓa yi masa daɗi ba. Duk wannan ba a ji Malam ya ɗaga murya ba. Sai ranar da makaho mai digiri ya miƙo takardunsa, ko matar aure ta zo ganawa da ƙaramin ciki, sannan cancanta ke farkawa daga barci.

Kuma ta yaya aka auna cancantar? An sa ganawar a hawa na uku, ba na'urar hawa bene, gurgu ya tsaya a ƙasa, sai a rubuta cewa bai zo ba. An buga jarrabawar a takarda, ba rubutun makafi, ba kwamfuta mai karanta allo da murya, sai a ce bai ci ba. Kurma ya zauna gaban kwamiti ba tafintan maganar hannu, sai a ce ba ya iya bayani. Ba ilimi aka gwada ba, ƙafa da ido da kunne aka gwada, alhali aikin na ƙwaƙwalwa ne. Manhajar da ke karanta wa makaho allo akwai ta kyauta, wata ma tana cikin wayar da ke aljihun Malam. Gangaren siminti a bakin ƙofa buhu nawa zai ci? Bai kai kuɗin labulen ofishin manaja ba.

Dokar hana nuna wariya ga naƙasassu, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a watan Janairun 2019, ta tanadi tarar naira miliyan ɗaya ga kamfani, da naira 100,000 ko ɗaurin wata shida ga mutum. Ta ba da wa'adin shekara biyar a gyara gine-ginen jama'a yadda kowa zai iya shiga, wa'adin ya cika a Janairun 2024, matakalu kuma suna nan daram. Kason kashi 5 cikin 100 na guraben aiki da Malam ya yi ta kuka a kai, hukumomin gwamnati dokar ta ɗora wa, ba kamfaninsa ba. Abin da aka nema daga gare shi kawai shi ne kada ya kori mutum tun daga bakin ƙofa saboda sandar da ke hannunsa.

Sai batun a ba su sadaka. Mu ne muka fi kowa ƙorafin bara a titunan Arewa, gwamnatocin jihohi na ta kafa dokar hana ta, ana kwashe mutane a mota. To in an hana shi titi, an kuma hana shi ofis, ina ake so ya nufa? A Kano akwai guragu da suka haɗa ƙungiya suna walda, suna ƙera kekunan da 'yan'uwansu ke hawa. Makarantar makafi ta Gindiri tun 1953 take yaye ɗalibai, ta Tudun Maliki na nan a Kano, Jami'ar Jos na horar da malamansu. A gasar Landan ta 2012 'yan wasanmu masu lafiya ƙalau ko lambar tagulla ba su kawo ba, naƙasassunmu suka dawo da lambobi 13, shida na zinare. Ba wai sai mutum ya ci zinare kafin ya cancanci kujerar akawu ba. Yawancinsu mutane ne kamar ni da Malam, akwai haziƙi, akwai malalaci, kuma haƙƙinsu ne a gwada su a gani. Tunda kuma Malam ya jingina da addini, ya san Abdullahi ɗan Ummi Maktum makaho ne, ya san ladan ne a Madina tare da Bilal, ya kuma san Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sha barin sa ya kula da garin in za a fita. Amana aka ba shi, aiki ne, ba ƙwaryar bara ba.

Na mata kuwa ba ya buƙatar dogon bayani a wurin Bahaushe. Mu ne ba ma son namiji ya duba matanmu a ɗakin haihuwa, mu ne muke son malama ta koyar da 'ya'yanmu mata. Ungozomar da malamar daga sama za su faɗo, ko kuwa an ce kada su yi aure su haihu? Gwamnati na shela a rediyo cewa a ba jariri nono zalla wata shida, mai makarantar kuɗi kuma na kiran malama ta dawo aji kafin ta gama wankan jego, in ba haka ba ta tarar da wata a kujerarta. Gwamnatin tarayya ta kai hutun haihuwar ma'aikatanta mako 16, ta ba maza kwana 14. Legas da Kaduna sun kai wata shida. Ban ji sakatariyar ko ɗaya ta rushe ba. Na yarda ƙaramin kamfani ba zai iya biyan wata shida daga aljihunsa ba, kuma nan ne ya kamata a yi muhawarar gaske: a kafa asusun haɗaka da zai ɗauki nauyin, kamar yadda ake yi da diyyar rauni. Da wannan Malam ya nema, da muna layi ɗaya. Amma shawarar a guji ɗaukar mata hukunta haihuwa ce, a cikin al'ummar da ke yi wa amarya addu'ar goma na goye.

Tsarin maigida da yaro na san shi, kuma ina girmama shi. Na ga attajiran da suka ciyar da yaransu, suka yi musu aure, suka kai su Makka, suka yaye su da jari har suka zama iyayen gidan wasu. Amma Malam ya ba da rabin labari. Ya manta yaron da ya yi shekara goma sha biyar a shago, ana gobe za a sallame shi aka ce kuɗi sun ɓata. Ya manta wanda maigidansa ya rasu, magada suka ce ba su san da wani alkawari ba. Alherin tsarin a zuciyar mutum ɗaya yake rataye, in ya yi fushi ko ya mutu, shi ke nan. Addinin da ya umarce mu mu rubuta bashi komai ƙanƙantarsa, ta yaya rubuta alkawarin shekara goma na rayuwar mutum zai zama al'adar Turawa? Maigida na kirki takarda ba ta rage masa komai. Wanda takarda ke tsoratarwa, da ma akwai abin da ya shirya.

Matsayina bai canza ba. Biyan albashi ranar da aka yi alkawari, takardar aiki, hutun mako, ruwan sha da bayan gida na mata daban, lokacin salla ga Musulmi da na coci ga Kirista ko a wane gari ake, da daina zagin uban mutum gaban abokan aikinsa, ba kyauta ba ce da ake jira sai kasuwa ta yi kyau. Bashi ne da ke kan mai ɗaukar aiki tun ranar da ya ce "zo ka fara", kuma rabinsu ko sisi ba sa ci. Waɗanda ke cin kuɗi, a zauna da gwamnati da ƙungiyar ƙwadago a raba nauyin. In Malam zai sake ɗaukar alƙalami, ga batutuwa suna jiran sa: kuɗin wuta, harajin da ake karɓa sau uku a kan kaya ɗaya, da dalilin da ya sa ma'aikatun gwamnati da kansu ke taka dokar 2019 ba wanda ya biya tara. Ya rubuta wannan, ni zan fara sa hannu a ƙasa.